Bahon Wankan Jego

Tabon aikin da aka yi mini a gadon baya bai kai tsawon yatsana ba, kuma wannan ne laifina na farko a wurin matan unguwarmu. Ranar da na dawo Arlit daga Yamai, tun ban sha ruwa ba suka cika ɗakin. Sai da na juya musu baya na ɗaga riga, suka riƙa leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce, "Shi ke nan? Ɗan wannan?" Wata ta ce ita da aka tsaga cikinta aka ciro ɗa, ɗinkinta ya ninka nawa nesa ba kusa ba, amma kafin suna tana shara. Na sauke rigata. Wallahi da na san abin da suke son gani ke nan, da na roƙi lokotoro, likitan da ya yi aikin, ya tsaga ni tun daga wuya har ƙugu, kowa ya huta.

Ni ƴar Maraɗi ce, aure ya kawo ni Akokan, garin ma'aikatan kamfani da ke jikin Arlit, ina yarinya. Maigidana makaniki ne, a ƙarƙashin ƙasa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran injunan haƙar uraniyom. Muna zaune a gidan kamfani, ga famfo a tsakar gida, ga kuran, wato wutar lantarki, dare da rana. Da aka rufe ramin aka ce kowa ya kama gabansa, sai muka dawo cikin Arlit, unguwar da ruwa sai an sayo a bido, wato jarka. Shi ya shiga tafiya Cibarakaten yana gyara wa masu haƙar zinariya injin, ya yi wata biyu ko uku bai dawo ba. Ni kuma na kafa tukunyar shinkafa da wake a ƙofar gida. Ɗauki bido, sauke tukunya, jawo buhu, haka na yi shekaru ban san ina da baya ba.

Wata safiya na sunkuya in ɗaga bido, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ciwo ya taso daga nan ya bi ɗuwawu, ya bi cinya, ya sauka har babban yatsan ƙafar hagu, kamar an zura mini waya mai zafi. Ba abin da ba a yi ba. An yi ƙaho, an yi tofi, an shafa man zafi har fata ta saɓule. Yayar maigidana, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu kuma take zaune tare da mu, ta nemo wani ɗan tagwaye ya hau ya tattaka mini baya. Yaya nake ce mata, kuma maganarta a gidan nan ba a tsallake ta. Sai da ƙafar ta fara mutuwa, takalmi ya zame mini a hanya ban sani ba, sannan aka yarda aka kai ni Agadas. Daga can aka ce sai Yamai.

Lokotoron Yamai ya nuna mini hoton bayana a jikin fitila. Ya ce tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wani ɗan matashi mai taushi, nawa ya fashe ya ɓullo ya danne jijiyar ƙafa. Suka yi aiki suka cire abin da ya ɓullo. Na farfaɗo na motsa yatsuna, suka motsa, ciwon nan da ya hana ni barci wata da watanni babu shi. Na yi kuka na gode wa Allah.

Kafin a sallame ni ya jawo kujera ya zauna gabana. Ya ce, "Hajiya, ni na yi nawa, saura naki. Ba sunkuyo, ba durƙuso, ba zama a ƙasa ko a ƴar kujerar tsugune. Abin da ya fi butar alwala nauyi kada ki ɗaga, har sai na ce ki ɗaga. Salla a kan kujera. Kuma kada ki kwanta ki ce ke marar lafiya ce, tafiya ita ce maganinki, safe da yamma. In ya sake zamewa, ba ni da tabbacin ƙafar nan za ta dawo." Na ce masa na ji. Ya ce kowa haka yake cewa. Na ce ni ba kowa ba ce, kuma da gaske nake. Wanda ya taɓa kwanciya a kan katifa a bayan mota daga Agadas zuwa Arlit, inda kwalta ta ƙare sai rami da duwatsu, ba ya son a sake kai shi Yamai.

Na iske Yaya ta shirya mini wurin jinya yadda ta san ana yi: katifa a ƙasa, labule a sauke, kwanon kunu a gefe. Na ce, "Yaya, ƙasa ba ta yiwuwa, in na sauka ba ni iya tashi sai na tanƙwara." Ta dube ni ta dubi katifar. Ta ce, "To, an je Yamai an dawo." Maigidana ya je ya kwaso tubali ya ɗora ƙafafun gado a kai har ya yi mini daidai. Ya ɗauki kujerar roba ya huda tsakiyarta da wuƙa mai zafi, ya ajiye mini a makewayi. Wannan kam na yaba masa har gobe. Hannunsa yana iya komai, bakinsa ne ba ya iya buɗuwa a gaban yayarsa.

Kashegari bayan sallar asuba na ɗaura bel ɗin da aka ba ni a ƙugu, na sa hijabi, na sa takalmin baskit da ɗiyata ta saya mini a gwanjo don kada silifa ta kayar da ni, na fita. A hankali nake tafiya, in kai bakin masallaci in dawo. Bayan ƴan kwanaki na kai makaranta, sannan na kai bakin kasuwa. Kowace rana ina jin ƙafar tana ƙara zama tawa.

Ashe ban san abin da nake tonowa ba. A garin nan an san ciwo, ba wanda zai koya mana. Mun ga mazajen da suka fito daga rami suna tari, suka kwanta, suka rame, muka yi ta kai musu kunu har aka ɗauke su. Marar lafiya kwance yake, a zo a same shi, a ce sannu, ya amsa da ƙyar, a yi masa addu'a a ajiye ɗan abin da aka riƙo. Haka dubiya take. To ni sai mata su yi ayari tun daga Akokan cikin zafin nan, su zo dubiya, a ce musu, "Ta fita." Ta fita ina? "Tafiya." Tafiya zuwa ina? "Ba ko'ina, tafiya kawai." Sai su dubi juna. In na dawo da zufa a goshi in tarar da su zaune a tabarma, ni kuma in tsaya a kansu ƙiƙam ko in hau kujera mai tsawo, ina gaishe su daga sama kamar matar kwamanda.

Na yi bayani har bakina ya gaji. In ce lokotoro ne ya ce. Su ce, "Allah Sarki, lokotoro." Ba a daɗe ba na samu suna. Yara in sun gan ni sai su ce ga mai sipor, wai mai motsa jiki irin na Turawa. Tsofaffin Akokan sun tuna matan Turawan kamfani da ke zagaya unguwarsu da yamma da farin takalmi ba tare da an aike su ba, suka ce abin da nake kwaikwayo ke nan da tsufana. Wata ta tare ni a bakin kasuwa tana dariya, ta ce, "Ke da aka ce an yanka, ga ki kin fi mu ƙarfi. Tukunyar shinkafar fa, yaushe za a dawo da ita?" Na ce sai an ba ni izini. Ta ce, "Izinin wa, bayan ga ƙafa tana zuwa kasuwa?"

Abin da ya fi tsaya wa Yaya a rai shi ne gaisuwa. Shekara talatin ina durƙusa mata kowace safiya, yanzu sai in tsaya a bakin ƙofarta in ce ina kwana. Ta daina amsawa da baki, sai da kai. Rannan kawun maigidana, tsoho mai furfura har gira, ya zo duba ni, na gaishe shi a tsaye. Na faɗa masa dalili, shi ya ce ba komai. Yana fita Yaya ta ce, "Ƙafar da ke kai ki kasuwa ba ta iya lanƙwashewa a gaban dattijo? Yarinyar nan, ciwo daban, raini daban." Ina da shekara hamsin da ɗoriya, ina da surukai, amma yarinyar nan. Na ce, "Yaya, ba ƙafa ba ce, baya ne." Ta ce ita ma tana da baya.

Mutum ɗaya ce ta fahimce ni, maƙwabciyata ta jikin katanga, ƴar Abzin, matar wani direban babbar mota. Hausarta a bakin kasuwa ta koye ta, ba ta da yawan magana. Ƙanen mijinta an taɓa yi masa irin aikin nan, ya koma tuƙi da wuri, yanzu da sanda biyu yake tafiya. Ita ce ke zagayowa ta share mini tsakar gida, ta ɗora mini buta a kan tebur don kada in sunkuya. In ta ga na miƙa hannu ƙasa sai ta buge hannun ta ce, "Bari!" kamar tana hana yaro taɓa wuta.

Ana cikin haka ɗiyata ta dawo gida goyon ciki. Ita kaɗai ce mace a cikin ƴaƴana, auta kuma, cikin fari. Tun ina gadon asibiti a Yamai abin da ke raina ke nan. A wurinmu uwa ce ke tsayawa kan wankan jego: ta hura wuta tun da sassafe, ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta juye a baho ta kai makewayi, ta tsoma ganyen dogon yaro ta riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya gasu, safe da yamma har a yi arba'in. Innata ta yi mini, har daga Maraɗi ta taso. Na san ni ba zan iya ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda wata a cikinsu za ta zata. Sai na shirya da maƙwabciyata tun kafin haihuwa. Ita za ta ɗauki ruwa ta yi fyaɗin, ni in zauna a kujerata a bakin makewayi in riƙa faɗa mata yadda muke yi. Na dama kunun kanwa a tsaye a kan tebur, wannan ina iyawa.

Ɗiyata ta haihu lafiya, namiji. Maigidana yana Cibarakaten, ta waya aka gaya masa, ya ce zai iso kafin suna. Kwanakin farko komai ya tafi daidai. Maƙwabciyata tana zuwa tun gari bai gama wayewa ba, ta fi wasu ƴan Maraɗin ma iya riƙon ganye. Ina zaune ina cewa ƙara nan, rage can. A ba ni jaririn a cinya in riƙe, a karɓa. Goyo kam ban yi ba, ina dai kallon bayan wasu.

Sai uwar mijin ɗiyata ta iso daga Tawa. Hajiya ce babba mai jiki, ƙafafunta a kumbure saboda doguwar hanya. Ta sauka, aka gaisa, ni a tsaye. Da yamma ta ga maƙwabciyata ta ɗauki baho ta shiga makewayi da matar ɗanta, ni kuma ina ɗaura igiyar baskit, ƙafa a kan kujera, zan fita tafiyata bayan an gama. Wurin Yaya ta je ta zauna, na ji su ƙasa-ƙasa. Kalma ɗaya ta fito fili, Hajiya ce ta faɗe ta: "Bare?"

Da na dawo suka kira ni. Hajiya ta ce, "Uwar ɗiya, ni baƙuwa ce, amma abin da ido ya gani baki zai faɗa. Yarinya da uwarta a raye, da ƙafarta, a ce maƙwabta ke ganin tsiraicinta? In na koma Tawa aka tambaye ni wa ya yi wa matar ɗana wanka, me zan ce?" Na ce, "Hajiya, ki ce uwarta an yi mata aiki a baya." Ta ce ta ji an faɗa, Allah Ya ƙara sauƙi, amma ita dai ta ga mai aikin ta fita yawo. Yaya ta ce, "Na gaji da faɗa. Mu dai an mai da mu abin magana a gari."

Nan na tashi da faɗa, ban ɓoye ba. Na ce yawon nan da kuke gani shi ne maganina, ba don daɗi nake gasa kaina a ranar Arlit ba. Na ce bahon nan in na ɗaga shi ƙafata za ta mutu, ba ni na faɗa ba, wanda ya buɗe bayan ya gani da idonsa ne ya faɗa. Na ce duk wadda ke ganin abin kunya ne, ga baho can, ta tashi ta ɗauka. Yaya ta ce ita da gwiwoyinta ina ta ga ƙarfin baho. Hajiya ta ce ita uwar miji ce, ba huruminta ba ne. Kun ji fa! Ciwon gwiwar Yaya ciwo ne don tana ɗingishi, nawa kuwa ƙarya ne don ina tafiya tsaye. Ɗiyata tana ɗaki tana jin komai. Da na shiga na tarar tana share hawaye da bakin zane, ta ce, "Inna, don Allah ki bar su." Na ce ta kwantar da hankalinta, gobe ma yadda aka saba za a yi.

Ban san Yaya ta riga ta zagaya gidan maƙwabciyata ba. Daga baya na ji abin da ta ce mata: an gode, Allah Ya saka, amma dangi sun iso, ta huta haka nan. Matar nan mai kunya ce, aka ce mata dangi sun iso, me za ta zo yi?

Da safe na idar da salla a kujerata na fito. Wuta tana ci, Yaya ce ta hura, ruwa ya tafasa, ta kwashe shi da kwarya ta cika bahon ƙarfe fal a gefen murhu. Ganye yana ciki, tururi yana tashi. Ita da Hajiya suna zaune a tabarma a ƙarƙashin rumfa, kowace da carbi. Ba wadda ta dube ni. Na gane an shirya mini ne: ga ruwa, ga ɗiyarki, mu ga ƙarshen taurin kai. Na ce a raina, ai kuwa za ku gani. Na juya na nufi katanga in ƙwala wa maƙwabciyata kira.

Ban kai katangar ba na ji ƙarar hannun baho. Na waiga. Ɗiyata ce ta fito daga ɗaki, zane ɗaure a ƙirji, ta sunkuya ta kama bahon da hannu biyu. Yarinyar da ko mako ba ta yi da haihuwa ba, ɗinki a jikinta, jini bai tsaya ba, tafiya ma sai ta dafa bango. Ta gaji da jin ana zagin uwarta saboda ita, ta ce bari ta kai abinta da kanta. Ta ɗaga shi ya bar ƙasa, na ga tafasasshen ruwa ya karkato wajen cikinta da ƙafafunta.

Ban yi tunanin lokotoro ba, ban yi tunanin komai ba. Na isa gare ta, na sunkuya na karɓe bahon daga hannunta, na ture ta gefe da kafaɗa. Da nauyin ya sauka a hannuna na ji abin nan da na sani ya ce ƙas, a wurin nan dai, ƙarƙashin ɗan tabon da aka raina. Ban saki ba, don in na saki a kanmu zai zube. Na kai shi har makewayi na dire. Da na zo miƙewa sai wayar nan mai zafi ta bi cinyata ta sauka, ta fi ta farko. Na dafa bango na ce wa ƙafar hagu ta taka, ta ƙi.

Daga rumfa na ji muryar Yaya, wallahi da fara'a take magana. Ta ce wa Hajiya, "Kin gani ko? Ai tana iyawa."

Maƙwabciyata ce ta ji ihun ɗiyata ta shigo a guje. Ita ta kai ni gado. Ta tsaya a tsakar gida ta yi wa tsofaffin nan biyu magana da harshenta na Tamajak, ba wadda ta ji abin da ta ce, amma kowa ya gane.

A kwance aka yi suna. Kuma abin da har yau in na tuna nake jin takaicinsa shi ne yadda gidan ya cika da tausayi. Matan da suka ce ina sipor suka shigo a layi, suka same ni yadda suke so, a miƙe, ina amsa sannu da ƙyar. Wadda ta tare ni a kasuwa ta zauna a bakin gado tana matsa mini ƙafa, ta ce, "Ashe da gaske ne, baiwar Allah." Suka kawo kunu, suka kawo dabino, wata har da farfesun kaza. Hajiya ta yi mini addu'a mai tsawo kafin ta koma Tawa, ta ce za ta gaya wa mutanensu irin uwar da matar ɗanta take da ita. Yaya kuwa ta kwana biyu tana kuka, ita ke juya ni, ita ke kai mini ruwan alwala, ba ta yarda kowa ya taɓa ni. Ba munafunci take ba, na san ta, da zuciya ɗaya take yi. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Duk alherin nan yana nan ajiye tun ranar da na dawo daga Yamai, ƙafata kawai ake jira in bayar kafin a fito da shi.

Maigidana ya iso, aka gaya masa. Ya shiga ɗakin yayarsa ya daɗe, ban ji muryar kowa ba. Ya fito ya zauna kusa da ni ya ce, "Ƙaddara ce." Na ce masa ƙaddara ba ita ta je gidan maƙwabta ta sallami mai ɗaukar ruwa ba. Ya sunkuyar da kai.

Kafin a samu mota, a sake shimfiɗa katifa, a sake bin hanyar nan ta Agadas da Tawa, lokaci ya tafi. Lokotoro ya dubi sabon hoton, ya cire tabarau ya ce, "Me kika ɗaga?" Na ce baho. Ya girgiza kai ya ce da ma ya faɗa, ku mutanen nan ba ku jin magana, a yi muku aiki mai kyau ku je ku lalata. Ni ce ba na jin magana! Ni da aka mai da abin dariyar gari saboda jin maganarsa. Na buɗe baki in ba shi labari, na ga akwai layi a waje kuma ba zai gane ba, na rufe. Suka sake yin aiki, ciwon ya tafi, amma tafin ƙafar bai sake ɗagawa ba. Jan shi nake yi, da sanda.

Yanzu a unguwa ba wanda ya kai ni daraja. In na shiga gidan biki da gudu ake kawo mini kujera mai tsawo. Ba mai jiran in durƙusa. Yaya da kanta take gaya wa baƙi, "A bar ta a tsaye, an yi mata aiki a baya." Jikana ya yi wayo yana gudu a tsakar gida, bai taɓa hawa bayana ba, kuma ba zai hau ba. Uwarsa ta kasa kallon bahon nan, sai da na sa aka ba da shi.

Bara aka yi wa wata ƙaramar mace a bayan layinmu irin aikina, matar wani mai gyaran babur, ƴar Damagaram. Na ji labari a bakin mata: tabon ɗan ƙarami ne, wai an ce ta riƙa yawo, wai ba ta gaida uwar mijinta a durƙushe. Har an fara dariya. Kashegari bayan asuba na sa baskit ɗina, ƙafa ɗaya da hannu nake cusa ta, na ɗauki sanda na je na yi sallama a gidansu. Uwar mijin ta fito. Na ce na zo ɗaukar surukarta mu je tafiya, kuma daga yau ni ce mai zuwa safe da yamma, in akwai abin ɗauka a gidan nan a nemi mai ɗauka. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka a kan ƙafata. Ta koma ciki ta kira yarinyar.

Muka fito tare, ita tana takawa a hankali hannu a ƙugu, ni ina jan tawa ƙafar a gefenta. Muka wuce masallaci, muka wuce makaranta, muka bi ta gaban matan da ke jiran mai ruwa da bidodinsu. Ba wadda ta ce sipor. Sannu suka yi ta yi mana, suna matsawa mu wuce. Yarinyar ta ce mini, "Inna, ke kam suna jin maganarki." Na ce mata ba maganata suke ji ba, na yi maganar wata da watanni ba wanda ya ji. Na ce ta ɗaga kai ta daina kallon ƙasa, mu kai bakin kasuwa kafin rana ta yi zafi.